Iyakar Nijeriya da Nijar da Muhawarar Fita daga Ƙungiyar ECOWAS

Gabatarwa

Ran 28 ga watan Janairu na shekarar 2024 gwamnatocin soja na Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwa ta gidajen talabijin na ƙasashensu cewa sun fita daga Ƙungiyar Raya Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda a ke kira ECOWAS a Nijeriya, CEDEAO kuwa a Nijar. Da ya ke dokar ƙungiyar ta yanka wa'adin shekara guda ga duk ƙasar da ta nemi fita, sai fitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 1 shekara bayan haka, watau a 2025. A Abuja da Yamai an ɗauki al'amarin a kan sha'anin siyasa da martabar ƙasa. A Illela da Birnin Ƙonni kuwa, da Jibiya da Maraɗi, da Kamba da Gaya, abin da ya dami mutane shi ne ko gobe za a bar su su ƙetara da albasa da raguna, ko su kai gaisuwar mutuwa gidan dangi. Ba za a fahimci wannan muhawara sosai ba sai an waiwayi yadda aka shata iyakar, da yadda aka sha rufe ta, da kuma abin da ƙungiyar ta iya yi da wanda ta kasa yi a kanta.

Kafin Zuwan Turawa

An saba cewa Turawa ne suka zo suka raba Ƙasar Hausa biyu da alƙalami. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, amma ba ta cika ba. Tun a ƙarni na 19 akwai rabuwa ta siyasa a wajejen da iyakar ta bi. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a wajen 1807, sarakunan Haɓe na Katsina sun yi arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi, shi ya sa har yanzu sarautar garin ita ce Sarkin Katsina. Gobirawa sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, Damagaram kuma ta ƙasaita a gabas, tana da alaƙa da Barno. Waɗannan ƙasashe ba su bi Sakkwato ba, an kuwa daɗe ana kai wa juna hari tsakaninsu da masarautun daular.

Duk da haka iyakar wancan zamani ta bambanta da ta yau. Daji ne mai faɗi tsakanin garuruwa masu ganuwa, wanda ya kan matsa kudu ko arewa gwargwadon ƙarfin sarki. Fatake su kan ratsa shi da jakuna da raƙuma, su biya kuɗin fito su wuce. Ayarin Azbinawa ya kan sauko da gishirin Bilma, ya koma da hatsi da tufafin Kano. Malamai da almajirai su kan yi ƙaura neman ilmi ba mai tambayarsu takarda. Watau sarakuna suna gaba, talakawa suna ciniki da auratayya.

Yadda Aka Shata Iyaka

An yi shekara kusan ashirin ana jan wannan layi ana sāke shi. A watan Agusta na 1890 Ingila da Faransa suka amince da layi daga Sayi, a bakin Kogin Kwara, zuwa Baruwa, a bakin Tafkin Chadi, bisa sharaɗin duk ƙasar da ke ta Sakkwato ta faɗa rabon Ingilishi. A lokacin babu ɗayansu da ya san iyakacin ƙasar Sakkwato. A watan Yuni na 1898 aka sāke yarjejeniya a birnin Paris, aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Da Faransawa suka shigo ƙasar da yaƙi, suka ƙone Birnin Ƙonni a 1899, suka kama Damagaram a wannan shekara, sai suka tarar an bar su da hamada, ba su da hanya mai rijiyoyi da za ta haɗa Kwara da Damagaram.

Saboda haka suka nemi gyara. A yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a watan Afrilu na 1904, Faransa ta saki wasu haƙƙoƙinta na kamun kifi a gaɓar Niyufanlan, can gefen Kanada, Ingila kuwa ta yarda a matso da layin kudu. Aka tabbatar da wannan a 1906. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi layin da ƙafa suka kafa alamomi 148. Ta haka Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi da Tasawa suka zama rabon Faransa. Abin lura a nan shi ne, makomar manomin Gobir ta rataya ne a kan cinikin kifi a wani teku da bai taɓa jin sunansa ba. Iyakar da aka samu tana da tsawon kimanin kilomita 1,500, kuma jihohi bakwai na Nijeriya ke jingine da ita: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno.

Iyaka ta Zama Kasuwa

Mulkin mallaka ya kawo haraji biyu, da kuɗi biyu, da harshen hukuma biyu. Wannan bambanci shi ya zama jarin mutanen kan iyaka. Idan aikin tilas ya tsananta a wajen Faransa, sai ƙauyuka su tashi su koma wajen Ingilishi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta nan ta riƙa bi zuwa teku. Bayan da aka ƙirƙiro kuɗin sefa a 1945, Nijeriya kuma ta fito da naira a 1973, canjin kuɗi ya zama sana'a mai zaman kanta a kowace kasuwar iyaka. Alhazan Maraɗi sun yi dukiya ta wannan hanya, suna sayo kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suna sayar wa abokan cinikinsu na Katsina da Kano. Dabbobi da wake da albasar Galmi suna gangarowa kudu, gero da masara da man fetur da kayan masana'antu suna haurawa arewa.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 gwamnatocin biyu sun gane cewa ba su da makawa sai juna. Shugaba Diori Hamani ya goyi bayan Gwamnatin Tarayya a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ko da ya ke Faransa ta karkata ga Biyafara. A 1971 aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, mai hedkwata a Yamai. A shekarun 1970 ne kuma aka ja wayar lantarki daga Birnin Kabi zuwa Yamai. Ya kamata a riƙe wannan da kyau: hukumar nan ta girmi ECOWAS da shekara huɗu.

Alkawarin ECOWAS da Cika Shi

An kafa ECOWAS a Legas ran 28 ga Mayu 1975 da ƙasashe 15, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Shugaba Eyadema na Togo. Nijar da Mali da Burkina Faso, wadda a lokacin a ke kira Volta ta Sama, suna cikin waɗanda suka kafa ta. A 1979 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, da nufin daga baya a kai ga 'yancin zama da kafa sana'a. Wannan ita ce babbar ribar da talaka ya gani daga ƙungiyar. A 1993 aka sabunta dokar ƙungiyar a Kwatano, a 2001 kuma aka ƙara yarjejeniya kan dimokuraɗiyya, wadda ta haramta karɓar mulki da ƙarfi. Tun daga nan ƙungiyar da aka kafa don ciniki ta ɗauki aikin alƙali a siyasar cikin gida ta ƙasashe.

Sai dai alkawarin takarda bai hana rufe ƙofa ba. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, fiye da mutum miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana, da 'yan Nijar masu yawa a ciki. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai a 1986. Rufewar ta zo daidai da fari, har a Nijar aka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan El-Buhari. A watan Agusta na 2019 aka sāke rufewa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, sai a Disamba 2020 aka buɗe Illela da Maigatari da wasu mashigai biyu na kudu. Duk waɗannan sun faru ne alhali ƙasashen biyu suna cikin ƙungiya ɗaya. Wanda bai san wannan tarihi ba zai yi mamakin yadda jama'ar Nijar da yawa suka yi maraba da fita.

Rikicin 2023

Ran 26 ga Yuli 2023 sojojin fadar shugaban ƙasa suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya karɓi mulki. Kafin nan an riga an yi juyin mulki a Mali a 2020 da 2021, da Gini a 2021, da Burkina Faso sau biyu a 2022. Shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ran 30 ga Yuli, Shugaba Bola Tinubu yana jagorancin ƙungiyar, suka rufe iyakoki, suka tsayar da ciniki da hulɗar kuɗi, suka ba sojoji mako guda su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Nijeriya ta yanke wutar lantarki, wadda ita ce kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita a lokacin. Manyan motoci suka yi jerin gwano a mashigai, kayan gwari suka ruɓe, abinci da magani suka yi tsada a ɓangarorin biyu.

A nan ne tarihi ya nuna ƙarfinsa. Sanatocin Arewa suka fito suka ƙi yaƙi, ran 5 ga Agusta kuma Majalisar Dattawa ta shawarci shugaban ƙasa ya bi hanyar sulhu. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka je Yamai a madadin ƙungiyar. Sarkin Kano na 14, Muhammadu Sanusi II, ya gana da Janar Tchiani tare da Sarkin Damagaram, tawagar malamai kuma ta bi baya. Hujjar waɗannan mutane ɗaya ce: Nijeriya da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, harsashin da aka harba a Maraɗi a Katsina za a yi makokinsa. Ba a yi yaƙin ba. A watan Satumba ƙasashen uku suka ƙulla Ƙawancen Ƙasashen Sahel. Ran 24 ga Fabrairu 2024, bayan sanarwar fita, ECOWAS ta ɗage takunkumi, a watan Maris kuma aka buɗe iyakar Nijeriya da Nijar. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A watan Yuli aka sa hannu a Yamai kan mayar da ƙawancen tarayya.

Hujjojin Ɓangarori

Masu goyon bayan fita sun kafa hujja da abubuwa huɗu. Na farko, takunkumin ya faɗa kan talaka, ya haɗa har da wuta da magani, abin da ɗan'uwa ba ya yi wa ɗan'uwa. Na biyu, ƙungiyar ta yi shirin tura soja don mayar da shugaba guda, amma ba ta tura ba a shekarun da 'yan ta'adda suka yi suna kashe mutane a yankin Liptako. Na uku, ta yi shiru a 2020 lokacin da shugabannin Gini da Kodebuwa suka nemi wa'adi na uku, saboda haka ma'auninta biyu ne. Na huɗu, sun ce Faransa ce ke juya ta daga bayan fage. A ganinsu fita cikon 'yancin kan 1960 ne.

Masu adawa da fita su ma suna da nasu. Ƙasashen uku ba su da teku, kowane buhun siminti da kowace kwalbar magani da a ke shigowa da su ta ruwa sai sun ratsa ƙasar wani. Da Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin, sai kaya suka koma bin doguwar hanya daga Lome ta cikin Burkina Faso da rakiyar soja, tsada ta ƙaru. Sa'an nan miliyoyin 'yan ƙasashen uku suna zaune a ƙasashen gaɓar teku, daga gonakin koko na Kodebuwa zuwa zangunan Gana da kasuwannin Legas, kuma yarjejeniyar 1979 ce garkuwarsu. Har ila yau ba a tambayi jama'a ta hanyar ƙuri'a ba. Waɗanda suka yanke shawarar ba zaɓaɓɓu ba ne, fitar kuwa ta raba su da mai matsa musu su yi zaɓe. A watan Maris na 2025 aka rantsar da Janar Tchiani a kan wa'adin shekara biyar.

Idan aka auna maganganun biyu za a ga kowanne ya riƙe wani yanki na gaskiya. Za a kuma ga an cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe, watau zirga-zirgar mutane, da harajin kaya, da kuɗi. Sha'anin kuɗi ba na ECOWAS ba ne. Sefa tana ƙarƙashin wata ƙungiya dabam ta ƙasashe takwas, wadda ƙasashen uku ba su bari ba a lokacin da suka fita a 2025. Ƙaramin ciniki na kan iyaka kuwa, na amalanke da babur da jaki, tun asali bai dogara da takardun ƙungiya ba. Waɗanda fitar ta fi shafa su ne masu bin ƙofa: ɗalibin da ke neman izinin zama, da ɗan kasuwan da ke son rangwamen kwastan, da ma'aikacin ƙungiyar da ƙasarsa ta fita.

Wani abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, da Hausa aka yi mafi zafin wannan muhawara. A watan Disamba na 2024 Janar Tchiani ya yi hira da Hausa inda ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa, mai ba shugaban Nijeriya shawara kan tsaro, Malam Nuhu Ribadu, ya musanta zargin da Hausa ta gidan rediyon BBC. A watan Maris na 2025 sabuwar dokar mulki ta Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Hukumomi biyu suna sa-in-sa, amma masu sauraronsu jama'a ɗaya ce.

Abin da Ya Faru a Wasu Wurare

Nijar ba ita ce ta fara fita daga irin wannan ƙungiya ba. Muritaniya ta bar ECOWAS a shekarar 2000 ba tare da rikici ba, a 2017 kuma ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar abota da ita. A Afirka ta Gabas, da ƙungiyar Kenya da Tanzaniya da Uganda ta wargaje a 1977, Tanzaniya ta rufe iyakarta da Kenya har zuwa 1983, aka yi asara mai yawa kafin a sāke gina ƙungiyar.

Misalin da ya fi kama da na nan shi ne na Birtaniya. A ƙuri'ar raba-gardama ta 2016 kimanin kashi 52 cikin 100 suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai, aka fita a ƙarshen Janairu 2020. Abin da ya fi wahalar da masu shawarwari shi ne iyakar tsibirin Ailan, mai tsawon kimanin kilomita 500, wadda ta ratsa gonaki da dangi, aka kuma sha zubar da jini a kanta kafin sulhun 1998. A ƙarshe aka amince ba za a kafa shingen kwastan a kan iyakar ba, aka mayar da binciken kaya tashoshin ruwa. Zirga-zirgar mutane kuwa ta tsira ne saboda wata tsohuwar yarjejeniya tsakanin Birtaniya da Ailan, wadda ta samo asali tun shekarun 1920, kafin a san da Tarayyar Turai. Bambancin shi ne, can an tambayi jama'a, an kuma rubuta sharuɗɗan rabuwa kafin a rabu.

Kammalawa

A watan Disamba na 2024 ƙasashen uku suka ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ƙasashensu ba biza. Ran da fitar ta tabbata, ECOWAS ta umarci sauran ƙasashe 12 su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen uku, su kuma bar kayansu a kan tsarin rangwame, har sai an ba da wata sanarwa. Wannan ya kwantar da hankali, amma yana da muhimmanci a gane abin da ya canza. Kafin 2025 ƙetara iyaka haƙƙi ne da yarjejeniya ta tanada, ko da ya ke an sha take shi. Sanarwar 2025 ta mayar da shi alfarma, wadda wanda ya bayar zai iya janyewa ran da ransa ya ɓaci.

Tarihin da aka bi ya nuna cewa zama cikin ƙungiya bai hana rufe iyaka ba a 1984 da 2019 da 2023, fita kuma ba ta kawar da dogaron Maraɗi ga Kano ba, ko dogaron mahautan Nijeriya ga dabbobin Nijar. Abin da ya hana yaƙi a 2023 shi ne zumunta da sarakuna da malamai da 'yan majalisa. Amma zumunta kaɗai ba ta isa ta kare direban da aka tsare a shinge, ko ɗalibin da takardarsa ta ƙare. Ana bukatar rubutacciyar yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, wadda za ta tabbatar da zirga-zirga da zama, ta kuma keɓe abinci da magani da wutar lantarki daga duk wani takunkumi na gaba. Wurin yin wannan aiki yana nan tun 1971. A watan Afrilu na 2025 ministocin harkokin waje na ƙasashen biyu, Yusuf Tuggar da Bakary Yaou Sangaré, sun gana a Yamai suka yi maganar farfaɗo da Hukumar Haɗin Gwiwa. Ma'aikatan kwastan da na shige-da-fice da na ƙananan hukumomin kan iyaka su za su aiwatar da duk abin da aka amince a kai, ɗaliban yau kuwa su za su gaje su a waɗannan kujeru, saboda haka sanin tarihin alamomi 148 na Tilho da O'Shee yana cikin kayan aikinsu.